Tambaya da Amsa: Baki Na Zugi, Jiki Ba Ƙarfi, Ga Ciwon Gaɓoɓi

Assalamu alaikum. Ina zaune a Shari' Mansur a Makka, shekaruna 54. Na daɗe da amosanin gaɓoɓi, ina shan Methotrexate. Wata huɗu ke nan harshena da leɓɓana na zugi kamar na kurɓi tafasasshen shayi, da safe da sauƙi, kafin magariba ya tsananta. Ga kasala, ko Harami ba na iya zuwa sai a keke. Likitan haƙori ya ce bai ga komai ba. Maƙwabciyata ta ce in sayi zumar sidir ta riyal 300. In saya? Tsorona kada ya zama kansa ce. Hajiya, Makka.

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Kansar baki galibi gyambo ne ko kullutu da ya ƙi warkewa har sama da mako biyu ko uku, kuma ga shi likita ya leƙa bai ga haka ba. In kin ga irinsa nan gaba, ki koma masa ba tare da jinkiri ba.

Riyal 300 ɗin nan ki kai shi ɗakin tahlili, wato ɗakin gwajin jini. A duba yawan jininki, da sinadarin ƙarfe, da bitamin B12, da folik asid, da suga, da aikin maƙoƙo. Ƙarancin ƙarfe ko B12 shi kaɗai kan haɗa wa mutum zugin harshe da mutuwar jiki, kuma maganinsa bai kai kuɗin zumar ba.

Akwai tambayoyin da nake so ki amsa wa likitan gaɓoɓinki ko bai tambaya ba. Idonki na bushewa, kina jin kamar da yashi a ciki? Kina iya haɗiye lomar burodin tamis ba tare da kin kora da ruwa ba? Idan ido da baki duk sun bushe, to akwai wata lalura da kan bi masu amosanin gaɓoɓi, mai suna Sjögren, sunan likitan idon Suwidin da ya bayyana ta a 1933. Garkuwar jiki ce ke juyawa kan wuraren da ke fitar da yawu da hawaye, kuma gajiya na cikin manyan alamunta. Ana gwada ta da jini.

Shi kuwa Methotrexate, sau ɗaya a mako ake shan sa, kuma yawanci da folik asid ake haɗa shi. Kina shan naki folik ɗin, ko ya ƙare kin share? Ranar da kika ga ƙuraje a baki tare da zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, ki tafi asibiti a ranar. Amma kada ki yanke maganin da kanki.

In duk gwaji ya fito ƙalau, to jijiyoyin bakin ne ke aika saƙon zafi ba tare da rauni ba, abin da ya fi samun mata bayan ɗaukewar al'ada. Ciwo ne na gaske, kada kowa ya ce miki raki ne, kuma akwai magungunan da likita kan bayar a samu sauƙi.

Wane man goge baki zan saya wa mai irin wannan zugi? Wata 'yar uwa, Madina.

Ki juya kwalin, in kin ga an rubuta Sodium Lauryl Sulfate ki mayar da shi. Ki guji mai ƙarfin na'ana'a ko kirfa, da ruwan kuskure baki mai barasa a ciki. Amma ya kasance mai fulorayid, domin busasshen baki na saurin cin haƙori. Asuwaki ba laifi in a hankali ne. A rage yajin shatta, lemon tsami da gahawa mai zafi, a daina kwana daidai bakin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a riƙa kurɓar ruwan sanyi da tauna cingam marar suga.

Mahaifiyata na shan wasu kafso na gargajiya da muke saya wajen wata mata ta WhatsApp. Gwiwarta ta daina ciwo cikin kwana biyu, har ta yi ƙiba fuskarta ta ciko. Sai dai yanzu bakinta na zugi, da farin abu a harshe. In ƙaro mata kwalba uku kafin su ƙare? Wani matashi, Karantina, Jidda.

Ɗana, kada ka ƙaro ko ƙwaya ɗaya, ka ɗauki kwalbar da mahaifiyarka ku je wajen likita a makon nan.

Wane ganye ne zai kashe ciwon gwiwa na shekaru cikin kwana biyu, ya kuma cika fuska? Wannan aikin kotizon ne, wato maganin asibiti mai ƙarfi na kashe kumburi. An sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe a ƙasashe da dama, a gwada a tarar an niƙa Dexamethasone, wanda nau'in kotizon ne, ko maganin ciwo Diclofenac an cuɗa da garin itace, an manna takarda mai hoton ganye. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya kanta ta sha gargaɗi kan kayan da ba su da rajista. Ƙibar da kuke murna da ita kumburin magani ce. Kotizon na tayar da suga da hawan jini, yana zaizaye ƙashi, yana raunana garkuwa har naman gwari ya yaɗu a baki, kuma da alama farin abin da ka gani ke nan. Diclofenac kuma na ƙwaƙule ciki, jini ya riƙa tsiyaya a ɓoye har mutum ya wayi gari ba ƙarfi, ban da abin da yake yi wa ƙoda.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke kashe kuɗi. Mutum zai yi ta ƙorafin kuɗin ganin likita a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, amma ya zaro ninkinsa ya miƙa wa wadda bai san ko sunanta na gaskiya ba, don kawai ta buɗe tallarta da salati ta ce "da habbatus sauda a ciki". Ita habbar ai ga ta nan a wajen kowane attar mai sayar da kayan ƙamshi da ganyayyaki, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Me kuke biya, in ba abin da aka ɓoye muku ba? Kwalba ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa, ba lambar rajista, an naɗo ta a leda cikin jakar wani ɗan umara. Na san wasunmu matsalar takardu ce ko rashin inshora ke hana su zuwa asibiti, ban raina wannan ba. Amma ko mai kantin maganin unguwa ka nuna wa kwalbar zai faɗa maka gaskiya kyauta, kuma akwai layin ma'aikatar lafiya na 937.

Ka kula da wannan sosai: kada ta daina sha kwatsam. Jikin da ya saba da kotizon makonni, in aka yanke masa lokaci guda, jini kan faɗi, mutum ya galabaita har ya suma. Likita ne zai rage mata a hankali. Ka lallaɓa ta, domin za ta ce maganin da ya yi mata aiki kake son raba ta da shi.

Awarwaron tagulla ko na maganaɗisu, wanne ya fi tsotse sanyin ƙashi? Alhaji, Riyad.

Alhaji, babu wanda ke tsotse komai a cikinsu sai abin da ke aljihunka. In ado kake so, zaɓi wanda ya yi maka kyau. In gwiwa ce damuwar, sayi takalmi mai taushin ƙasa, ka riƙa ɗan tattaki bayan isha'i idan gari ya huce.