Tambaya da Amsa: Yaushe Ake Sauya Taragun Fasinja, Kuma Ina Ake Tura Sababbi?

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun shafi jiragen ƙasa masu dogon zango ne, wato irin waɗanda fasinja ke kwana a cikinsu dare ɗaya ko fiye kafin ya kai inda ya nufa. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita su domin fili ya ishe mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na ji an ce a ƙasar Kanada akwai jirgin fasinja da har yau yake jan taragun da aka ƙera tun shekarun 1950. Shin gaskiya ne? Na san da tsohuwar zuma ake magani, amma rayukan mutane ne a ciki. Tarago ba shi da wa'adi ne? (Daga wani ɗalibin aikin injiniya)

AMSA: Wa alaikumus salam. Gaskiya aka gaya maka. Jirgin da ake kira Canadian, wanda kamfanin VIA Rail ke gudanarwa tsakanin Toronto da Vancouver, tafiyar kilomita 4,466 mai cin dare huɗu, yana amfani ne da taragun da kamfanin Budd na Amurka ya ƙera a 1954 da 1955. Abin da ya raya su har yanzu shi ne an yi gangar jikinsu da ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma ba a daina yi musu garambawul ba.

Ya kamata ka sani cewa sassan tarago ba sa tsufa tare. Kujeru da gadaje da shimfiɗun ƙasa su ne ke fara lalacewa, sai wayoyin lantarki da na'urorin sanyaya ɗaki da famfunan ruwa su biyo baya, ƙafafu da birki kuwa akan sauya su ne yawanci bisa yawan tafiyar da suka yi. Gangar jiki ita ce ke daɗewa, kuma muddin tana da lafiya ana iya kwashe duk abin da ke cikinta a zuba sabo. Haka aka yi wa waɗannan taragu na Kanada a farkon shekarun 1990, lokacin da aka cire musu tsohon tsarin ɗumama ɗaki da tururi aka mayar da su masu karɓar lantarki daga kan jirgi.

Amma akwai abubuwan da garambawul ba ya magancewa. Ƙarfen da ya shekara sittin yana ɗaukar nauyi da girgiza, cikin zafi da sanyi, yakan fara tsagewa a wuraren walda da ido ba ya gani, shi ya sa a 2022 VIA Rail ya riƙa sanya taragun da ba kowa a cikinsu a gaba da bayan jerin, domin su zama garkuwa idan an yi karo, har zuwa lokacin da aka kammala gwajin ƙarfin tsofaffin taragun. Sannan akwai matsalar kayan gyara, domin Budd ya bar sana'ar ƙera taragu tun shekarun 1980, kuma ƙarfen da ya karye yau sai dai a ƙera madadinsa da hannu ko a ciro shi daga jikin wani taragon da aka ajiye. Daga ƙarshe gwamnatin Kanada ta yi alkawarin kuɗin sayen sababbi a kasafin 2024.

Indiya kuwa wa'adi take yankewa. Tsofaffin taragunta da ake kira ICF, waɗanda aka fara ƙerawa a Chennai a 1955 bisa zanen wani kamfanin ƙasar Suwizalan, shekara 25 aka ƙayyade musu, sababbin da ake kira LHB, masu asali daga Jamus, an ba su shekara 35. Dalilin sauyin ma ya wuce tsufa. Idan jirgi ya sauka daga layi, tsofaffin taragun kan hau kan juna, abin da ke ninka yawan mamata, alhali ƙugiyar da ke haɗa sababbin tana riƙe su a jere. Kwamitin tsaron lafiyar matafiya da Anil Kakodkar ya jagoranta ya ba da shawarar yin wannan sauyi a 2012, aka kuma daina ƙera tsohon samfurin a 2018.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Me ya sa idan hukumar jiragen ƙasa ta sayi sababbin taragu sai a ga an zuba su a wasu hanyoyi, a bar wasu da tsofaffi shekara da shekaru? Wannan ba son kai ba ne? (Daga wata malamar makaranta)

AMSA: Malama, wani lokaci da son kai a ciki, kuma ba zan wanke kowace hukuma daga wannan zargi ba, domin hanyar da ke kawo kuɗi da wadda manya ke bi su ne sukan fara samun rabo. A Indiya ma jiragen alfarma irin su Shatabdi da Rajdhani aka fara bai wa taragun LHB, kafin su kai ga jiragen da talakawa suka fi hawa. Sai dai akwai lissafin da ke ɗaure hannun mai rabon ko da adali ne, kuma shi ne fasinja ba ya gani.

Ki ɗauki jirgin California Zephyr na kamfanin Amtrak a Amurka, wanda ke tashi kullum daga Chicago zuwa kusa da San Francisco, tafiyar kusan kilomita 3,900 da ke cin fiye da awa 50. Jerin taragun da ya bar Chicago ranar Litinin da rana sai Laraba da yamma zai isa. Zai kwana ana wanke shi ana duba birki ana loda ruwa da abinci, ya juyo Alhamis da safe, ya shigo Chicago ranar Asabar, sannan ya sake tashi ranar Lahadi. Kwana shida ke nan kafin jeri ɗaya ya zagayo, saboda haka jirgin da fasinja ke kira guda ɗaya yana buƙatar jeri shida. Idan muka ƙaddara kowane jeri yana da tarago tara, 54 ke nan, ba a ma ƙirga na ko-ta-kwana da waɗanda ke wurin gyara ba. Hukumar da aka kawo wa sababbin taragu 30 ba za ta iya sabunta irin wannan hanya ba, dole ta nemi wata gajeruwa wadda jeri biyu ko uku za su wadatar.

Za ki iya cewa to a cakuɗa mana, a sa sababbi biyu a kowane jirgi kowa ya ɗanɗana. Sau da yawa hakan ba ya yiwuwa, domin ƙugiya da birki da wayoyin sabon samfuri ba lalle su dace da na tsoho ba. A Indiya jeri guda ake sauyawa baki ɗaya saboda wannan dalili. Sababbin jiragen dare na Nightjet da kamfanin ÖBB na ƙasar Ostiriya ya fara aiki da su a Disambar 2023, daga Vienna da Innsbruck zuwa Hamburg, an ƙera su ne a matsayin jeri mai tarago bakwai da ba a rabawa, kuma sai an ba su izinin aiki a kowace ƙasa da za su ratsa tukuna.

Ita kanta hanyar tana da nata hukunci. Taragun Amtrak masu bene, waɗanda ake kira Superliner, tsayinsu ya kusa mita biyar, ba za su iya shiga ramukan da ke kai jirgi tsakiyar birnin New York ba, don haka duk jirgin da ke zuwa can sai ya yi amfani da taragu marasa bene. Wannan ya raba taragun kamfanin gida biyu, kuma idan wani ɓangare ya shiga ƙarancin taragu ɗayan ba ya iya agaza masa yadda ya kamata. Ki ƙara da tsayin dandamalin tasha, da wurin gyaran da ke da kayan aiki da makanikan da aka horar a kan sabon samfuri, za ki ga cewa tarago yana zama ne inda za a iya kula da shi.

Abin da nake ganin haƙƙin fasinja ne, wanda kuma ya kamata a matsa wa hukumomi a kansa, shi ne su bayyana tsarin rabon a fili: wace hanya ce ta farko, me ya sa, kuma yaushe sauran za su samu. Haka kuma idan sababbi sun shiga wata hanya, taragun da suka fito daga can masu sauran ƙarfi su wuce zuwa inda ake fama da mafi lalacewa, a yi ritayar waɗancan, ta yadda amfanin sayayyar zai gangara har ƙasa.

TAMBAYA: Ni mai amfani da keken guragu ne. Shin masu zana sababbin taragu suna tunawa da irinmu? (Daga wani mai karatu)

AMSA: Sun fara tunawa, Malam, amma bayan an daɗe ana cutar da ku, kuma yawanci doka ce ta tilasta musu. An ƙera taragun Superliner na farko kafin dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da Amurka ta kafa a 1990. Suna da ɗaki na musamman a ƙasa, sai dai wurin cin abinci da wurin shaƙatawa da ƙofar wucewa daga tarago zuwa tarago duk a sama suke, ta matsattsen matakala. Mai keke yakan shafe kwana biyu a ɗakinsa ana kawo masa abinci, yana jin hayaniyar sauran matafiya a samansa. Wannan na daga cikin manyan abubuwan da suka jawo muhawara a kan ko a ci gaba da ƙera masu bene, waɗanda suka fi ɗaukar mutane, ko a koma marasa bene. Sabon Nightjet ya zo da ƙofa mai ƙasa-ƙasa da ɗakin kwana da banɗaki da keke ke iya shiga. Tun da tarago yakan yi shekara 40 yana aiki, kuskuren da aka yi a takardar zane yakan bi mutane har tsawon rayuwarsu, don haka lokacin zanen ne ya dace ƙungiyoyinku su ɗaga murya.

TAMBAYA: Idan kuɗi sun samu, me ke hana a sayi taragu cikin shekara ɗaya ko biyu? (Daga wani ɗan kasuwa)

AMSA: Alhaji, babu inda ake ajiye taragon kwana ana jiran mai saye, sai an yi oda ake zana shi. A 2010 Amtrak ya bai wa kamfanin CAF na ƙasar Sifaniya kwangilar taragu 130 da ake kira Viewliner II, a kan kusan dala miliyan 298, amma na ƙarshensu bai iso ba sai 2021. ÖBB ya yi odar sabon Nightjet daga kamfanin Siemens na Jamus a 2018, fasinja bai hau ba sai ƙarshen 2023. A Birtaniya taragu 75 da aka ƙera wa jirgin dare na Caledonian Sleeper, mai tafiya tsakanin Landan da Sikotlan, sun fara aiki a 2019 bayan jinkiri, kuma watanninsu na farko sun zo da matsaloli.

Dalili shi ne jirgin dogon zango yana buƙatar nau'o'i da yawa, kowanne kuma 'yan kaɗan: na kujeru, na kwana, na cin abinci mai ɗakin girki, na kaya, na ma'aikata. A cikin odar nan ta 130, taragun kwana 25 ne kacal, na cin abinci ma 25. Kowane nau'i sai an yi masa zanensa da gwajin gobara da na karo, ga ruwa da banɗakuna da dole su yi aiki kwana biyu ko uku ba tare da an koma wurin gyara ba. Masana'anta ta fi son odar ɗaruruwan taragun cikin gari iri ɗaya, wadda ribarta ta fi tabbas.

A nan ne nake ganin babban kuskuren hukumomi da yawa. Sukan sayi taragu masu yawa a lokaci guda, su yi shiru shekara talatin, sai duka su tsufa tare, a lokacin kuwa masana'antar da ta ƙera su ta rufe, ƙwararrunta sun watse. Superliner na farko guda 284, waɗanda kamfanin Pullman-Standard na Amurka ya ƙera tsakanin 1978 da 1981, su ne aikinsa na ƙarshe a wannan fanni, kuma Amtrak bai fitar da takardar neman masu ƙera madadinsu ba sai Disambar 2023, bayan dokar gina ababen more rayuwa ta 2021 ta samar da kuɗi. Kafin sababbi su iso, duk taragon da ya yi hatsari ko ya gaza babu mai maye gurbinsa, jirgi yana gajercewa, gadaje suna ƙaranci, kuɗin tikiti yana hawa. Indiya ta kauce wa wannan tarko ne saboda masana'antunta ba sa tsayawa, kowace shekara dubban taragu suna fitowa wasu suna ritaya. Ƙasar da ba ta da girman haka tana iya ƙulla kwangila mai damar ƙarin oda daga baya, ko ta haɗa odarta da ta maƙwabta a kan samfuri ɗaya.

TAMBAYA: Ina ake kai tsofaffin taragun da aka cire daga aiki? (Daga wata ɗaliba)

AMSA: Ba dukansu ake yankawa a sayar da ƙarfen ba. Wasu ana ajiye su a riƙa cire musu sassa domin raya 'yan'uwansu, wasu su koma hannun gidajen tarihi da masu jiragen yawon buɗe ido. A Indiya akan kwashe kujerun tsofaffin taragun ICF, a toshe tagoginsu, a buɗe musu ƙofa ta baya, su koma ɗaukar sababbin motoci daga masana'anta zuwa kasuwa. Wasu kuma sukan sami sabon mai gida su ci gaba da ɗaukar fasinja. Lokacin da kamfanin Deutsche Bahn na Jamus ya daina gudanar da jiragen kwana a Disambar 2016, ÖBB ya sayi taragun kwanansa 42, ya sake musu fenti, da su kuma ya faɗaɗa hanyoyin Nightjet a cikin shekaru bakwai ɗin da suka wuce kafin nasa sababbi su fara aiki.