Tambayi Likita: Yara, karatun gida da sanyin hunturu

Assalamu alaikum. Sanyin bana ya kankama, hazo kuma ya yi kaurin da in ka fito da safe da ƙyar kake hango Dutsen Dala. Yawancin saƙonnin wannan makon daga iyayen da ke karantar da 'ya'yansu a gida suka zo, wasu uwar ce malamar, wasu kuma malami ne ke zuwa ya biya wa yaran allo da boko. Ga waɗanda na samu damar amsawa.

Tambaya: Likita, leɓen yarana duk ya tsattsage, ƙafafunsu sun yi kaushi, ɗaya har da faso. Wane mai zan saya? Daga wata uwa a Gwale.

Amsa: Man kaɗanya ko basilin ya wadatar, Hajiya. Ki shafa musu da zarar sun fito wanka, tun jikin da sauran danshi, da dare kuma ki ƙara a dunduniya ki sa musu safa. Ki hana su lasar leɓe, yawu ƙara busar da shi yake yi. Idan fason ya fara ruwa ko ya kumbura, a kai shi asibiti.

Tambaya: Ɗana mai shekara 6 yana yawan haɓo tun da sanyi ya shigo. Mukan ɗaga kansa sama mu cusa masa tsumma. Daga wani magidanci a Kurna.

Amsa: Malam, a daina ɗaga masa kai. Jinin ba tsayawa ya yi ba, maƙogwaro yake gangarawa, yaro ya haɗiye ya zo yana amai. A zaunar da shi ya ɗan sunkuyo gaba, ka matse wurin nan mai laushi na hancin da yatsu biyu har minti 10 ba tare da ka saki don ka duba ba, shi kuma ya riƙa numfashi ta baki. Busasshiyar iska ce ke tsaga fatar cikin hanci, yaro ya zo ya ƙwaƙula. Ɗan basilin a bakin hancin safe da yamma, a kuma yanke masa farce. Idan jinin ya wuce minti 20 bai tsaya ba, ko kana ganin jini a dasashinsa, ko ya yi fari fat, sai asibiti.

Tambaya: Likita, ina koyar da 'ya'yana uku a gida, babbar shekararta 7, ƙaramin bai cika 2 ba. Saboda sanyi mun mayar da karatu uwar ɗaki. Ina shigo da kasko in rufe ƙofa da taga, wani lokaci mu kwana da shi. Amma sai na bari gawayin ya gama hayaƙi a tsakar gida, ya yi jajir, kafin in shigo da shi. Kwana uku ke nan muna tashi da ciwon kai, babbar har da amai, da rana kuma sai su yi ta gyangyaɗi a kan allo. Surukata ta ce iska ce ta shiga ɗakin, a yi hayaƙi. Ko maleriya ce? Daga wata baiwar Allah a Ɗorayi.

Amsa: Baiwar Allah, kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, tashi ki fitar da kaskon, ki buɗe taga. Da gaske nake. Sannan ki dawo mu yi magana.

Surukarki ta yi gaskiya ta wani ɓangare: iska ce ta shiga ɗakin. Sai dai ba irin wadda take nufi ba ce. Duk lokacin da gawayi ke ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Abin da ya sa take da mugunta ke nan. Hayaƙin da kike jira ya ƙare a tsakar gida, shi ne ma mai mutunci, domin yana hana mutum zama. Garwashin da ya yi ja, ya yi shiru, kika ce ya nuna, bai daina fitar da gubar ba ko kaɗan. Wannan maganar ta cewa in babu hayaƙi babu illa, ita ce ta kai gidaje da yawa ga makoki.

Ga yadda take aiki. A cikin jini akwai sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Wannan gubar tana manne masa da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Idan ta hau, ba ta sauka da wuri. Mutum yana numfashi lafiya lau, amma jinin yana zagayawa hannu rabbana, ba abin da ya kai. Da farko sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Daga nan sai ruɗewa, ƙafafu su ƙi ɗaukar mutum ko da ya so ya tashi ya buɗe ƙofa. Wanda kuwa ta samu yana barci, ba ya ma jin waɗannan, daga barci sai suma, daga suma sai dai a ce Inna lillahi. Yara sun fi saurin kamuwa domin numfashinsu ya fi namu sauri. Mai juna biyu kuma, abin da ke cikinta ya fi ta shiga haɗari.

Ki lura da abin da kika faɗa da bakinki: dukanku kuke tashi da ciwon kai, a ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya. Maleriya ba ta cika kama gida guda rana ɗaya ba, kuma ba ta sauƙi don kawai an fito tsakar gida an sha iska. Wannan kuwa tana yi. Gyangyaɗin da suke yi a kan allo ba lalaci ba ne, kada ki dake su.

Na taɓa karɓar wani iyali da asubar fari, wata shekara cikin Janairu. Maƙwabta ne suka ɓalle ƙofa da suka ji shiru har an idar da sallah. Uwar ta farfaɗo a hannunmu, abin da ta fara tambaya shi ne wa ya zubar mata da kunun da ta ɗora a kan kaskon don ya kwana da ɗumi. Ba ta san an yi awa biyu ana fama da ɗanta a gadon kusa da ita ba. Allah ya sa da sauran kwanansu a gaba. Ba kowa ake samu a kan lokaci ba.

Shi ya sa batun a yi hayaƙi ya tayar mini da hankali. Wato a ƙara zuba garwashi, a barbaɗa turare, a sake rufe ɗakin da yara a ciki! Don Allah, a'a. A yi addu'a, a yi tofi, ba wanda ya hana, amma da taga a buɗe kuma kasko a waje.

Yau ɗin nan ki kai su asibiti, musamman babbar da ta yi amai da ƙaramin da ba zai iya faɗin abin da ke damunsa ba. Ki gaya wa likita ƙarara cewa kuna kwana da gawayi. Wannan bayanin yana da muhimmanci, domin ɗan abin nan da muke maƙala wa yatsa don auna oksijin yana iya nuna komai daidai alhali jinin cike yake da guba. Maganin shi ne oksijin, ba allurar zazzaɓi ba. Idan kuma aka taɓa samun wani a sume, a fito da shi fili, a kwantar da shi ta gefe, a nemi a-daidaita-sahu. Kada a ɗura masa madara ko manja, shaƙe shi za su yi.

Haka hukuncin yake ga kurfoti, da risho, da janareto da ake kunnawa a soro ko a gindin taga saboda tsoron ɓarayi. Ɗumi kuwa, riga biyu ko uku marasa nauyi sun fi guda ɗaya mai kauri, ga safa da hular sanyi, ga gwanjo nan a Ƙofar Wambai. Ki shimfiɗa bargo ko darduma a ƙarƙashin tabarmar karatu, domin siminti ne ke zuƙe ɗumin jikinsu. Ki kuma ɗaga karatun zuwa hantsi, ku fito inda rana ke bugawa. Ina sake faɗa: kasko ba ya kwana a ɗaki, ko da an ɗan buɗe taga.

Tambaya: 'Yata ta ja flas ɗin ruwan zafi ya zubo mata a hannu. Mun fasa ƙwai mun shafa, maƙwabciya ta kawo man goge baki. Yanzu wurin ya yi bororo. Daga Sheka.

Amsa: Ƙwai na soyawa ne, man goge baki na haƙori ne. Shekara da shekaru muna faɗa, amma kullum sai an kawo mana yaro an dama masa ƙuna da ƙwai, ko gishiri, ko tawada, har da baƙin man inji. Duk ƙwayoyin cuta suke kai wa ciwon, mu kuma sai mun kankare su kafin mu ga zurfinsa, yaro yana ihu. Abin yi ɗaya ne: ruwa mai sanyi na famfo ko na randa, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara wa wurin har minti 20, sauran jikin kuma a lulluɓe shi don kada sanyi ya kama ta. A cire zobe ko awarwaro kafin hannun ya kumbura. Kada ki fasa bororon. Tunda a hannu ne, kuma yarinya ce, ki kai ta asibiti yau. Ruwan wanka kuma a riƙa fara zuba na sanyi a bokiti kafin na zafi, kada a bar tafasasshe a tsakar gida a tafi ɗauko soso.

Tambaya: Jaririna ɗan wata 8 yana mura da tari. Na sa masa Robb a hanci, na sayo maganin tari a kemis, amma numfashinsa kamar yana sauri. Daga wata uwa a Hotoro.

Amsa: Ki goge Robb ɗin nan, kada ki sake. Shi da kafur da duk wani mai mai yaji ba na hancin jariri ba ne, suna ƙara masa majina kuma suna iya toshe masa numfashi. Maganin tari na kwalba ma ba a ba ɗan wata 8, ba ya warkar da komai. Mu da muka ga abin da ya faru a Gambiya a 2022, inda gurɓataccen maganin tari ya lalata ƙodar yara kusan 70 suka rasu, ba ma wasa da kwalbar da ba a san asalinta ba. Zuma tana sauƙaƙa tari, amma sai yaron da ya haura shekara 1. Naki bai kai ba. Nono shi ne nasa, a kai a kai.

Saurin numfashin ne ya fi damuna. Ki bari ya natsu, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa cikin minti ɗaya cif, da agogon wayarki. Ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 50 ko fiye ya yi yawa. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5, sau 40. Jaririn da bai kai wata 2 ba, sau 60. Idan ya kai haka, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, nimoniya muke zargi. Ba a kwana da ita a gida. Ga Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ga na Murtala, ga na Malam Aminu Kano, ki je wanda ya fi miki kusa ko da tsakar dare ne. Kuma duk wanda ya ce miki beli ne, a kira wanzami ya cire, ki ce likita ya hana.

Tambaya: Tunda yarana ba sa zuwa makaranta, ba sa cuɗanya da kowa, dole ne sai na kai su riga-kafi? Daga wani uba a Rijiyar Zaki.

Amsa: Dole ne, Alhaji. Kai kana zuwa kasuwa da masallaci, mahaifiyarsu tana zuwa suna da biki, malaminsu yana zagaya gidaje, almajirin da ke yi muku aike yana shigowa. Katanga ba ta tare ƙyanda. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022, mafi yawan yaran da ya kama waɗanda ba su cika riga-kafinsu ba ne, alhali allurar da ake yi a mako 6 da 10 da 14 tana kare shi. Ta ƙyanda a wata 9 ce, a maimaita a wata 15. Daga hunturu zuwa bazara kuma lokacin sanƙarau ne, waɗanda suka ga na 1996 ba sa buƙatar a tuna musu. Ka ɗauki katinsu ka je asibitin sha-ka-tafi na unguwarku a duba abin da ya rage, kyauta ne. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, asibiti kai tsaye.

Tambaya: Akwai illa in na tashe su tilawa bayan asuba cikin sanyin nan? Daga Yakasai.

Amsa: Babu, in dai sun kwanta da wuri. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. A karɓe waya bayan isha'i, a ɗuma musu ruwan alwala, a ba su kunu. Sai dai in akwai mai sikila ko asma a cikinsu, shi a bar shi cikin bargo har rana ta fito, a riƙa ba shi ruwa sosai, kuma a nisanta shi da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Idan ciwon ya motsa, kada a jira gari ya waye.

Tambaya: Kakarsu ta hana su shan lemon zaƙi, wai yana kawo mura. Daga Fagge.

Amsa: Ƙwayar cuta ce ke kawo mura, ba lemo ba. A gaishe mini da Hajiya Kaka, a ce likita ya roƙi arziki ta bar su su sha, ita ma a yanka mata guda biyu.