Ga burtsatse a ƙofar gida, amma bincikenmu ya ce babu ruwa: wa ke da gaskiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aikin sa-kai da wata ƙungiyar al'umma a Rigasa, nan Kaduna. Mun zaga gidaje da tambayoyin HFIAS masu auna ƙarancin abinci a gida da na HWISE masu auna matsalar ruwa a gida, sakamakon ya nuna gidaje da yawa suna cikin matsi. Shugabanmu ya ce ba zai miƙa rahoton ba, wai mutane ƙarya suka yi don su samu tallafi, tunda kusan kowane layi akwai burtsatse, gidajen kuma na bulo ne da rufin kwano. Ya ce mu koma mu ƙirga burtsatse da buhunan hatsi kawai. Hankalina ya tashi: ko dai mun ɓata aiki, ko kuma za a cire mabuƙata na gaskiya. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki zubar da sakamakon nan, kada kuma ki yarda a musanya shi da ƙirgen burtsatse. Mai yiwuwa ne akwai kuskure a aikinku, kuma akwai hanyar gano shi. Amma abin da shugabanku ya kawo ba gyara ba ne, shi ne kuskuren da ya fi kowanne cutar da talaka a wannan fanni, kuma kullum ana maimaita shi a ofisoshi.

Ƙirga burtsatse abu ɗaya yake gaya miki: an taɓa haƙa rami a wurin. Ba ya gaya miki ko injin yana aiki, ko an kwana nawa ba a kawo wutar da za ta tura ruwa tanki ba, ko mai burtsatsen yana buɗe famfon waje awa ɗaya ne da safe ya rufe, ko sayarwa yake yi, ko nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka ranar da babu wuta. Hatta ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, wanda shi tushen ruwa yake dubawa, bai yarda a ce gida yana da ruwa a matakin farko ba sai in zuwa da dawowa, har da tsayuwa a layi, ba su wuce minti 30 ba. Yarinyar da ta ajiye bokiti a layi bayan asuba ta dawo gida rana ta take, gidansu ya faɗi wannan ma'auni ko da famfon yana jikin katangarsu. Ki kuma yi lissafin da masu ƙirgen ba sa yi. Ƙa'idar Sphere ta ayyukan agaji ta ce mafi ƙaranci lita 15 ga mutum ɗaya a rana, na sha da girki da tsafta. Gida mai mutum 8 yana buƙatar lita 120, wato jarka 6 masu lita 20, kowace rana ta Allah. In kuɗin jarka biyu kaɗai ke hannun uwargida, burtsatse goma a layin ba su canza komai ba.

Wannan giɓi ne ya sa aka fitar da HWISE a 2019. Tambayoyinta 12 ba su damu da abin da ke tsaye a waje ba, abin da ya faru cikin gida a makonni 4 suke nema: an fasa wanki, an kasa wanka, an kasa wanke hannu bayan an yi wa yaro tsarki, an canza abin da za a dafa saboda ruwa, an kwana da ƙishirwa, an ji kunya ko ɓacin rai. Wanne daga cikin waɗannan ake gani daga bakin titi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka abin yake ga abinci, ko ma ya fi muni. Buhun masarar da aka hango a zaure zai iya zama iri, ko ajiyar wani, ko na bashi da za a biya. A gari irin Kaduna akasarin gidaje awo suke yi da mudu, wasu kullum, don haka gidan da ba shi da buhu ko ɗaya zai iya fin mai buhu uku cin abinci mai kyau. Rufin kwano da bulo kuwa tarihin wadata ne, ba halin yau ba. Akwai gidajen da aka gina tun masaƙun Kakuri na aiki, ginin na nan daram, amma yau tukunya sau ɗaya take hawa murhu. Idan aka bi ido, su ne farkon waɗanda za a soke, kuma su ne ba za su taɓa fitowa su yi ƙorafi ba, saboda rufin asiri. Duk jami'in da ya sa hannu aka cire gida daga lissafi don ya hango tanki a saman katanga, ya sani amana ya ɗauka, ba takarda kawai ya cike ba. An fi son ƙirgen ne don yana da sauƙi, ana yin sa daga cikin mota, kuma lambar tana yi wa rahoto kyau. Sauƙi ba hujja ba ne.

To batun ƙarya fa? Yana faruwa, musamman in mutane sun zaci rajistar tallafi ake yi. Amma ana gano shi daga cikin amsoshin ne. Tambayoyi 9 na HFIAS a jere suke daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Gidan da ya ce an yini an kwana ba a ci komai ba fiye da sau 10, amma ya ce bai taɓa rage yawan abinci ko tsallake cin rana ba, amsarsa ba ta haɗu ba. Ki ware irin waɗannan takardu, ki duba ko daga hannun mai tambaya ɗaya suka fito. Sau da yawa matsalar tana wurin mai tambaya ne: ya yi tambayar yana gyaɗa kai, ko ya yar da ƙarshenta, wato "saboda rashin abinci ko kuɗin saye". In aka cire wannan, mai azumin Litinin da Alhamis ma zai shiga sahun masu yunwa.

Kuma ba sai kin koma gidaje ba kafin ki samu ma'auni na biyu. Tambayoyi uku na ƙarshe a HFIAS su ne ma'aunin yunwa na HHS: babu abinci ko kaɗan a gida, an kwana da yunwa, an yini an kwana ba a ci ba. Bai faru ba maki 0, sau 1 zuwa 10 maki 1, fiye da sau 10 maki 2. Jimilla 0 zuwa 1 babu yunwa ko kuma 'yar kaɗan ce, 2 zuwa 3 matsakaiciya, 4 zuwa 6 mai tsanani. Ki sake duba lissafin HWISE ma: sau 1 zuwa 2 maki 1, sau 3 zuwa 10 maki 2, daga sau 11 zuwa sama maki 3. Jimillar ba ta wuce 36, kuma daga 12 ake cewa gida na cikin matsalar ruwa. Masu ba amsar "kullum" maki 4 maimakon 3 suna kumbura sakamako ba tare da kowa ya yi musu ƙarya ba.

Abin da shugabanku bai faɗa ba shi ne ɓoyewa ma tana nan, ba ƙari kaɗai ba. Ki tambayi maigida a ƙofar gida, ga maƙwabta ga mai unguwa a tsaye, ko iyalinsa sun kwana da yunwa, amsar da za ki samu ita ce "Alhamdulillahi". Wadda ke riƙe da tukunya da randa ake tambaya, a cikin gida, kuma mace ce za ta shiga. Ita ta san ranar da ta ce wa yara ta ƙoshi alhali ba ta ci ba. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ki fara tantance ko tukunya ɗaya ake ci ko kowace da tata. In kowace da tata, gidaje ne daban-daban a lissafi, ko da ƙofar shiga ɗaya ce. Makonni 4 kuma ki ɗaure su da abin da za a iya tunawa, ki ce "cikin Juma'a huɗun da suka wuce", domin "kwanakin baya" kowa da inda nasa ya tsaya.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Ruwa ya fi wuya a bazara, wajen Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Abinci kuwa ya fi wuya daga Yuni zuwa Agusta, kafin sabon amfani ya shigo. Zagaye ɗaya ba zai kama tsananin duka biyun ba, kuma ba a kwatanta sakamakon kaka da na tsakiyar damina. A guji watan azumi da makon sallah.

Ga abin da za ki kai wa shugabanku a madadin ƙirge. A zaɓi gida ɗaya cikin kowane goma ta hanyar ƙuri'a, ba zaɓin son rai ba, wata mai tambaya daban ta koma ba da daɗewa ba. Ta faɗa tun daga sallama cewa wannan ba rajistar tallafi ba ce, kada ta karɓi lambar NIN ko ta asusun banki, kada kuma wani jami'i ko ɗan siyasa ya raka ta. Bayan tambayoyin ta ƙara huɗu: jarka nawa suka shigo gidan jiya, nawa aka biya, minti nawa ɗebowa ta ci har da layi, kwana nawa cikin bakwai famfon bai ba da ruwa ba. In amsoshin zagaye na biyu sun yi kusa da na farko, a miƙa rahoton yadda yake. In sun yi nisa, a sake horar da masu tambaya a maimaita layukan da abin ya shafa, da tambayoyin nan dai.