Ina zan kai Baba tattaki kusa da ruwa a wajen Kano?

Ɗan'uwa, ka ce Baba na fama da ciwon gwiwa, kana neman wuri marar hawa da gangara, mai ruwa da iska.

Ku nufi Kadawa ko Kura, ta hanyar Zariya. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana biyo kanal, wato babbar magudanar ruwa, zuwa gonakin rani, kuma hanyar da ke gefensa shimfiɗaɗɗiya ce. Lokacin hunturu ya fi daɗi: alkama kore shar, tumatir ya nuna, balbelu na bin shanu. Ku fita bayan hantsi ya ɗan ɗaga, sanyin asuba ba ya yi wa gwiwa daɗi. Minti 20 ya ishe shi a farko, sai ku juyo tun bai gaji ba.

Kada ya matsa bakin kanal, simintin na da santsi, ruwan kuma ya fi yadda ake gani ƙarfi. Kada kowa ya tsoma ƙafa ko ya yi alwala da shi, saboda tsargiya. Takalmi rufaffe, ba silifas ba.

Gandun dajin Falgore kuwa, ban ba ku shawarar zuwa ba sai da jami'an gandun.

In gwiwar na kumbura, ko yana haki, likita ya fara duba shi. Allah ya ƙara masa lafiya.