Amsa ga Malama kan koyar da dalili da sakamako

Assalamu alaikum, jama'ar gida barkanmu da yamma. Malama, ƙanwata, na saurari saƙonki, inda kika ce 'yan aji uku ɗinki suna karanta labari tsaf, amma da kin tambaye su me ya sa abu kaza ya faru sai su yi tsit, ko su maimaita miki labarin daga farko. To ki kwantar da hankalinki, ba yaranki kaɗai ba ne.

Kin ga yaro ya saba da tatsuniya, sai Gizo ya tafi, sai ya haɗu da kura, sai kaza, sai kaza. Jerantawa ya iya. Abin da bai kama ba tukuna shi ne, ba duk abin da ya zo kafin wani ba ne ya jawo shi. Nan littafi mai hotuna yake yi miki aikin da baki ba zai yi ba, domin mai zane yakan sa dalilin a hoto, rubutun kuma ya yi shiru a kansa.

Mu ɗauka littafin shafi huɗu ne. A na farko uwa ta baza shanyar gero a tabarma a tsakar gida. A na biyu ɗanta ya fita da gudu da ƙwallo a hammata, ƙyauren a buɗe a bayansa. A na uku mai tallar rake ya wuce a keke. A na huɗu akuya ta dulmiya baki cikin geron. Ni daga na huɗun nake farawa, Malama. In ɗaga shi sama, in ce ku duba fuskar uwar nan, me ya same ta? Su ce akuya ta ci mata gero. Yaya aka yi akuya ta shigo? Sai mu riƙa ja da baya, shafi bayan shafi.

Za ki ji amsoshi kala-kala. Wani zai ce mai rake ne, tunda shi ya gani dab da zuwan akuyar. Kada ki ce masa ya yi kuskure. Sa tafin hannunki ki rufe mai raken, ki ce, da a ce bai wuce ba, da akuya ta shiga? Za su ce da ta shiga mana. Sai ki rufe ƙyauren da hannu. Da a ce yaron ya ja ƙyaure fa? Wallahi nan za ki ga ajin ya ɗauka baki ɗaya, har waɗanda ba su iya haɗa baƙi ba. Wannan rufewar da hannu ita ce kan darasin, kada ki yi gaggawar wuce ta.

Akwai kuma wanda zai ce miki haka Allah ya so. Gaskiya ya faɗa, ki karɓa masa da mutunci, sannan ki ce to ta wace hanya abin ya biyo, zo ka nuna mana a hoton. Dokata ke nan, duk mai amsa sai ya ɗora yatsa a kan shaidarsa. Idan yarinya ta ce ai laifin uwar ne da ta tafi ta bar shanya ba mai tsaro, ta kuma nuna, ki yaba mata sosai, don ta gano abu ɗaya yana iya samun dalili biyu. Wannan ba ƙaramin tunani ba ne ga 'yar shekara takwas.

Rubutu a ƙarshe yake zuwa. Ki rubuta a allo, akuya ta ci gero saboda, ki bar layi su cike. Gobe ki juya musu, yaro ya bar ƙyaure a buɗe, shi ya sa, su ƙarasa. Juyawar takan rikita su da farko, sai an sha maimaitawa da baki.

Batun rashin littattafai da kika ambata kuwa, na sani, aji cike maƙil, littafi ɗaya. Ki leƙa African Storybook, shafin littattafan yara ne a intanet, akwai na Hausa kyauta, ana saukewa a waya a kai a buga. Ki zaɓi wanda abu ke jawo abu a cikinsa, ki guji masu jera sunayen dabbobi ko launuka kawai. Idan kin buga, yanka shafukan ki ba kowane benci cikakken kwafi ɗaya su jera, su kuma ware wanda ko an cire shi labarin ba zai canza ba. In ba kuɗin bugawa, zanenki na alli a allo ma ya isa, in dai ƙyauren ya fito a buɗe.

Ki gwada ranar Litinin, ki turo mana amsoshin da suka ba ki, musamman na 'yan bayan aji. Allah ya taimaka.