Tunda aka ɗora mamana a maganin zuciya komai ruwan ɗorawa take gani

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Dan Allah mahaifiyata ce shekarunta 63, an ce bugun zuciyarta baya tafiya daidai, wata huɗu kenan tana shan digoxin da Lasix. To kwana biyun nan sai take cewa komai ruwan ɗorawa take ganinsa, ko ƙwan fitila ta kalla sai taga zobe kewaye da shi, ga tashin zuciya ta daina cin abinci. Sannan ran Juma'a idonta na hagu ya rufe ruf kamar an saki labule, wajen minti biyar ya dawo. Yayana yace yanar ido ce mu kaita ayi mata gilashi. Meye shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Maganar gilashi a ajiye ta tukuna, yau ɗin nan ku kaita asibitin da ake duba zuciyarta, in ba ranar likitanta bace ku shiga ta ɓangaren gaggawa. Abu biyu kika faɗa kuma kowanne hanyarsa daban.

Na ran Juma'ar shi yafi tayar min da hankali. Yanar ido a hankali take zuwa, bata rufe ido minti biyar ta buɗe. Daga magungunan nata ina kyautata zaton ciwon da muke kira AF ne, wato ɗakunan sama na zuciya maimakon su matsa su turo jini sai su dinga karkarwa, to jinin da ya tsaya wuri guda kinsan gudaji yake yi, ɗan ƙaramin gudan nan in ya ɓalle sai ya bi jijiyar wuya ya haura, in ya toshe jijiyar da ke ciyar da bayan ido sai gani ya ɗauke ba ciwo ba komai. Nata ya wuce shi yasa ido ya dawo. Na gaba yana iya maƙalewa idon ya tafi cikin 'yan awanni, ko ya zarce ƙwaƙwalwa a samu shanyewar ɓarin jiki, Allah ya kiyaye.

Ruwan ɗorawan kuma da zoben fitila da tashin zuciya, wannan kam sak alamar digoxin ne ya taru a jiki. Magani ne mai kyau amma tsakanin adadin da yake aiki da wanda yake zama guba tazarar kaɗan ce. Ƙoda ce ke fitar da shi, ƙodar tsofaffi kuwa ta rage ƙarfi, ga Lasix na zubar da sinadarin fotasiyam ta fitsari, in yayi ƙasa digoxin sai ya ƙara kaifi har ya rikita bugun da aka bada shi don ya gyara. Lokacin zafi ko bayan amai da gudawa mun fi ganin haka. Kar ta ƙara shan digoxin ɗin sai likita ya ganta. Za'a yi ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura, a gwada ƙoda da fotasiyam, in maganin ya sauka kalar tana washewa.

Abin da ban gani a lissafinki ba shi ne maganin tsinka jini, ku tambaya ko akwai dalilin da yasa ba'a bata ba. Aspirin kaɗai baya wadatarwa a AF. Akwai warfarin, da araha amma sai ana gwajin INR akai-akai, wato gwajin yadda jini ya tsinke, ana so ya zauna tsakanin 2 da 3, akwai kuma irinsu rivaroxaban da apixaban basa buƙatar gwajin nan sai dai tsada. In hoton zuciya ya nuna ƙofar cikinta ta tsuke sosai, irin wanda ciwon maƙogwaron yarinta ke bari kuma muna da shi da yawa a arewa, to warfarin ɗin dai. In an ɗora ta a maganin tsinka jinin, wataran kiga jini ja-jawur a farin idonta kar ki firgita, yawanci sati biyu ya baje, amma a duba INR.

In aka canza mata zuwa amiodarone, wani maganin daidaita bugun zuciya, shima yana barin ɗan dusashi a gaban ido, galibi baya cutarwa, sai dai in gani ya ragu kwatsam a koma da sauri.

Bayan likitan zuciya sai likitan ido ya leƙa bayan idon, ya duba har da hawan ruwan ido. Ki zuba duk abin da take sha a leda ku tafi da shi, har da jiƙo da na kemis, kar kice ai wannan ba magani bane.