Tambaya da Amsa: Yawon Buɗe Ido a Kudancin Amurka

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga wani ƙauye kusa da Ringim. Ina sha'awar zagaya Peru da Bolibiya da jakar goyo kawai. Me zan fara shiryawa?

Amsa: Ɗana, fara koyon Sifaniyanci, domin Turanci ba zai fisshe ka a tashar mota ko kasuwa ba. Sai ka kula da tudu: birnin La Paz na Bolibiya yana sama da teku da kimanin mita 3,600, tafkin Titikaka da ke kan iyakar ƙasashen biyu kuma 3,800, don haka wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Jigawa zai ji numfashinsa yana sarƙewa ko da hawan matakala ne. Ka huta kwana biyu kafin yawo, ka tanadi rigar sanyi mai kauri. Naman halal yana da wuyar samu, amma dankali da masara da kifi suna wadace.